Jadawalina ba ya wuce sati biyu: lalaci ne ko me?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a. Kwas takwas nake ɗauka wannan zangon, laccocina sun kai awa 18 a sati, kuma ina wani ɗan aiki na awa 12 a sati don in rage wa iyayena nauyi. Duk farkon zango sai in zauna in zana jadawali mai kyau in liƙa a bango, amma ko sati biyu ba ya yi sai ya mutu. Aikin da malamai ke ba mu sai daren da za a karɓa nake tunawa da shi. Idan jarrabawa ta zo in kwana ina karatu, ina shiga ɗakin jarrabawa abin ya gudu. Na fara ganin kamar lalaci ne kawai ke damuna. Don Allah yaya zan tsara lokacina?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Idan na fahimce ki, abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya: jadawalin da ba ya ɗorewa, ayyukan da ke faɗo miki kamar daga sama alhali an sanar da su tun da wuri, da karatun da ba ya zama a ka. Sannan kika yanke wa kanki hukunci cewa lalaci ne. Da hukuncin zan fara, don ban yarda da shi ba. Wadda ke ɗauke da kwas takwas, tana aiki, kuma tana iya kwana ido biyu a kan littafi, ba a kiranta malalaciya. Ƙoƙarin yana nan, inda ake zuba shi ne bai dace ba. Na daɗe ina koyarwa ina kuma ba ɗalibai shawara kan karatunsu, da wuya zango ya wuce ba a kawo mini irin wannan kukan ba, kuma yawanci masu himma ne ke kawo shi. Wanda bai damu ba ai ko jadawalin ba ya zanawa.

Abin da ke kashe jadawalin bango

Ko ban ga naki ba zan iya siffanta shi. An ja layuka da rula, kowane kwas da launinsa. Tashi ƙarfe huɗu na asuba, karatu zuwa shida. Bayan an tashi daga lacca, huɗu zuwa shida kwas kaza, takwas zuwa sha ɗaya na dare kwas kaza. Babu gida ko ɗaya da aka bari fili. Ba a rubuta wanki ba, ba a rubuta tafiya daga ɗaki zuwa aji ba, balle gajiyar da mutum ke kwasowa bayan ya wuni a zaune yana sauraro. Ranar Litinin a bi shi tsaf, Talata a bi rabi. Laraba wani malami ya mayar da laccarsa yamma, ko ƙawa ta kwanta ciwo a raka ta asibiti, shi ke nan awa biyun da aka ware wa wani kwas ta tafi. Da yake ba a bar fili ba, babu inda za a rama. Bashi ya hau kan bashi. Kafin sati na biyu ya ƙare takardar ta koma abin da ke tuna miki gazawa, sai ki daina kallon wannan ɓangaren bangon.

An rubuta jadawalin ne don wata ɗalibar da ba ta gajiya, ba ta baƙi, ba a canza mata lokacin lacca. Wannan ba halinki ba ne ke kaɗai. Tun a 1979 masana halayyar ɗan adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka yi bayanin cewa mutum yakan ƙiyasta lokacin da aiki zai ci ƙasa da gaskiya, ko da ya sha yin irin aikin ya ga yadda ya ja shi. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi wasu ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa za su ɗauka kafin su kammala kundin bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 34 ne. Da aka ce to su ƙiyasta idan komai ya dagule, suka ce kwana 49. Abin da aikin ya ci a zahiri kwana 55 da rabi ne, wato ya zarce har mummunan zaton nasu, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka gama a lokacin da suka ambata. Don haka idan za ki ƙiyasta aiki, daina tambayar kanki awa nawa zai ci. Tambayi kanki awa nawa irinsa na baya ya ci. In kin manta, ɗauki abin da zuciyarki ta faɗa ki ƙara masa rabinsa: ta ce awa huɗu, ki rubuta shida.

Mu ƙirga awannin

Sati awa 168 ne, mu yi lissafi da alƙaluman da kika bayar. Barci awa takwas kowane dare, 56 ke nan, saura 112. Lacca 18, saura 94. Aikinki 12, saura 82. Wanka, cin abinci, ibada, wanki, shara da zirga-zirga tsakanin ɗaki da aji da wurin aiki, ko an matse ba za su gaza awa huɗu a rana ba, 28 ke nan, saura 54. Ware awa biyu a rana na hutu da hira da 'yan uwa da ƙawaye, don ko ba ki ware ba sai kin ɗauka. Saura 40.

To karatun nawa yake nema? Ƙa'idar da jami'o'in Amurka ke aiki da ita ita ce kowace awa ɗaya ta lacca tana tafiya da aƙalla awa biyu na aiki a wajen aji. A Turai kuma tsarin ECTS, wanda jami'o'insu ke auna nauyin kwasa-kwasai da shi, yana ƙirga shekarar karatu ɗaya a kan awa 1,500 zuwa 1,800, har da lacca da nazari da jarrabawa, wato kwatankwacin aikin cikakken ma'aikaci. A wannan ma'auni laccar awa 18 tana neman awa 36, ke kuma kina da 40. Lokacin yana nan, amma rarar awa huɗu ce kacal. Ɗalibar da ba ta aiki tana iya zubar da yini guda ba ta ji a jikinta ba, ke ba ki da wannan gatan. Ban ce lallai kowane sati sai kin cika 36 ba. Wani kwas ba ya cin haka, wani ya fi haka, musamman masu lissafi da masu shiga ɗakin gwaje-gwaje. Amma idan awa goma kike zubawa a sati sannan ki nemi ramawa a daren jarrabawa, kin ga girman giɓin da idonki.

Wannan duk lissafin takarda ne. Abin da nake sa ɗalibai su yi kafin mu taɓa maganar sabon jadawali shi ne su auna satinsu na gaskiya. Ɗauki sati guda, kada ki gyara komai, ki yi rayuwarki yadda kika saba, sai dai sau uku a rana ki rubuta abin da kika yi da awannin da suka wuce. Wayarki ma tana ajiye nata lissafin, a iPhone yana cikin Screen Time, a Android yana cikin Digital Wellbeing, ki duba ki kwafa ko da abin ba zai yi miki daɗin gani ba. Bayan wayar, abin da ya fi fitowa a irin wannan awon shi ne giɓin da ke tsakanin laccoci. An tashi ƙarfe goma, ta gaba sai sha biyu. Ɗalibi ya ce wannan ɗan lokacin ba ya isa a yi wani abin kirki, sai a zauna a bakin aji ana hira har a kira ta gaba. Irin wannan giɓin in ya kai biyar a sati, awa takwas zuwa goma ke nan, kuma awannin rana ne da ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba. Su ake zubarwa, sannan a je a yi ta fama da gyangyaɗi ƙarfe ɗaya na dare. Awon zai kuma nuna miki lokacin da kanki ya fi ɗaukar karatu. Wadda ba ta kwanciya sai sha biyu, kada ta rubuta wa kanta tashin ƙarfe huɗu.

Komai a wuri ɗaya

Mantuwar da kike yi da ayyuka ba raunin ƙwaƙwalwa ba ne. Kwas takwas, malamai takwas ko fiye. Wannan ya faɗa a aji yana haɗa takardunsa zai fita, wancan ya tura wa wakilin aji, wani ya sa a shafin makaranta, wani kuma sanarwarsa ta nutse a guruf ɗin WhatsApp ƙarƙashin saƙonni ɗari. Babu wanda zai riƙe wannan duka a ka. Ki samu wuri ɗaya, ɗaya tak, inda duk wani wa'adi yake shiga. Ƙaramin littafi ne ko kalandar waya irin su Google Calendar, duk suna yi. Ni dai wanda na ga waya tana cin lokacinsa littafi nake ce masa ya saya, don wanda ya buɗe waya zai duba kalanda sau da yawa wani wuri yake ƙarewa. Sharaɗin kawai shi ne da zarar an faɗi aiki ki rubuta kafin ki tashi daga kujera. "Zan rubuta in na koma ɗaki" ita ce ƙofar da ayyukan ke bi suna ɓacewa.

A satin farko na zango, ki tattara takardun tsarin kowane kwas ki kwashe ranakun gwaji da na miƙa aiki da na jarrabawa ki zuba a shafi guda, zangon gaba ɗaya a gabanki. Nan take za ki hango satin da gwaji uku da aiki biyu suka yi karo, galibi a tsakiyar zango da dab da ƙarshensa. Yanzu da kike cikin zangon ma bai ɓaci ba, yi shi a wannan satin da abin da ya rage.

Sai dai rubuta ranar miƙawa kaɗai ba ya wadatarwa. A ce yau 3 ga wata aka ba ku rubutu mai shafi takwas, za a karɓa ranar 24. In abin da kika rubuta shi ne "24, miƙa aiki", to ranar 23 za ki tuna da shi. Faro daga ƙarshe ki dawo baya. Ranar 22 gyara da bugawa. Daga 17 zuwa 20 rubutu, shafi biyu a rana. Daga 10 zuwa 14 karatu da tsamo bayanai. Ranar 5 zaɓen batu da nemo makaloli uku. Kin ga aikin sati uku ya koma abin da za a fara jibi. Cyril Northcote Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki yakan kumbura ya cika duk lokacin da aka ba shi. Da zolaya ya rubuta, yana ba'a ga ma'aikatun gwamnati, amma duk ɗalibin da aka taɓa ba wa sati uku ya yi aikin a dare ɗaya ya san da gaskiya a ciki. Raunin waɗannan ƙananan wa'adodin shi ne ke kika sa su, babu mai rage miki maki in kin saɓa. Shi ya sa nake cewa a ɗaura su a wuyan wani: ki yi wa wata 'yar ajinku alkawari ranar 20 za ki nuna mata abin da kika rubuta, ita ma ta nuna miki nata. Kunyar zuwa hannu rabbana tana aiki fiye da ƙararrawar waya.

Akwai kuma yadda ake rubuta niyyar kanta. "Zan yi karatu gobe" ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Gwada wannan: "Ranar Talata, da an tashi daga laccar ƙarfe goma, zan wuce laburare in amsa tambayoyi biyar na ƙarshen babi na uku." Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan adam ɗan Jamus, ya daɗe yana bincike a kan wannan. A wani gwaji da ya wallafa da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu bayan ya wuce. An sa rabinsu su faɗi tun da wuri yaushe kuma a ina za su zauna su rubuta. Cikin waɗannan, fiye da kashi 70 cikin 100 sun yi aikin a kan lokaci. Cikin sauran kuwa kusan ɗaya bisa uku ne suka yi. Duk suna da niyya, amma na farkon sun gama yanke shawarar tun kafin ranar, da lokacin ya zo babu sauran gardama da zuciya.

Da waɗannan a hannu, jadawalin da nake ba da shawara na sati ɗaya ne, ba na zango ba. A ƙarshen kowane sati ki zauna minti 30 da littafinki. Fara sa abin da ba ya motsi: lacca, aiki, barci. Duba shafin zango ki ga me ke tafe cikin sati biyu zuwa uku. Sannan ki raba ayyukan cikin guraben da suka rage, kwas ɗin da ya fi ba ki wuya ya samu lokacin da kanki ya fi sakewa. Na nanata wannan domin ɗalibi yakan gudu ya fake a kwas ɗin da yake so, ya wuni a kansa yana jin ya yi karatu, wanda zai kayar da shi kuma yana gefe ba a taɓa shi ba. Abu mafi muhimmanci, kada ki cika fiye da biyu bisa uku na guraben. Bar yamma guda ko biyu babu komai. Nan ne laccar da aka canza da ƙawar da aka raka asibiti za su samu wurin sauka. In satin ya tafi lafiya ba a buƙace su ba, hutunki ne, ki ci abinki ba tare da jin laifi ba.

Wahalar farawa

Sai a tsara komai, lokacin ya zo, mutum ya kasa buɗe littafin. An zauna, an jera biro da takardu, aka ce bari a duba saƙo ɗaya. Saƙon ya kai ga hoto, hoton ya kai ga bidiyo, aka ɗago kai minti 40 sun tafi. Sai zuciya ta ce ai yanzu ƙarfe biyar saura kwata, bari ta cika daidai a fara. Masu bincike irin su Fuschia Sirois da Timothy Pychyl suna ganin jan ƙafa gudun ɓacin rai ne: aikin yana da wuya, ko ba a gane inda za a kama shi ba, ko ana tsoron a yi a kasa, sai a ɗage shi a samu sauƙin zuciya na ɗan lokaci. Sauƙin gaskiya ne, shi ya sa ake komawa. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi wasu ɗaliban jami'a a Amurka tsawon zango, suka wallafa sakamakon a 1997: masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da lafiya a farkon zango, amma a ƙarshensa sun fi su damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa.

Tunda farawa ce ke da ɗaci, a rage girmanta. Kada ki ce za ki karanta babi, ce za ki karanta shafi biyu ki rubuta abu uku da kika gane. Dabarar da aka fi sani a nan ita ce ta Francesco Cirillo, wanda ya ƙirƙiro ta yana ɗalibin jami'a a Italiya a ƙarshen shekarun 1980, ana kiranta Pomodoro: minti 25 na aiki ba katsewa, hutun minti biyar, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Ina ba da ita ga mai fama da farawa, don minti 25 ba ya tsoratar da kowa. Amma lambar ba wahayi ba ce. Mai warware lissafi ko mai rubutu sau da yawa a minti na 25 ɗin ne ya fara shiga aikin, katse shi a nan ɓarna ce. In kin ga aikin ya kama ki, wuce zuwa 45 ko 50 kafin ki miƙe.

Ita kuma waya, ba na yarda da wanda ya ce mini yana iya ajiye ta a gefen littafi ya ƙi taɓawa. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, don haka duba saƙo na daƙiƙa goma ya fi daƙiƙa goma tsada. A wani gwaji a Kanada a 2013, Faria Sana da abokan aikinta sun ga ɗaliban da ke wasu harkoki a kwamfuta ana tsaka da lacca sun samu maki ƙasa da sauran, har waɗanda ke zaune a bayansu suna hango fuskar kwamfutar ma abin ya shafe su. Sa wayar a jaka, jakar kuma inda sai kin tashi za ki kai gare ta. In takardun laccar a cikin wayar suke, sauke su tukuna ki kashe data.

Karatun da ke zama

Tambayarki ta uku ita ce ta fi alaƙa da lokaci, ko da yake ba a cika ganin haka ba, domin awa uku na karatun da ba ya zama asararsu ɗaya da awa ukun da aka yi a waya. A 1885 Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage bayan lokaci. Ya ga mantuwa ta fi sauri a awanni da kwanakin farko, sannan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Wadda ta rubuta lacca a sati na biyu ba ta sake buɗe littafin ba sai sati na sha uku, ba bita take yi ba, sabon karatu take yi, na kwas takwas, cikin 'yan kwanaki.

Yadda ake bitar ma da magana. Yawancin ɗalibai maimaita karantawa suke yi suna ja wa layuka launi. A karo na uku shafin ya zama sananne, ido yana gudu a kansa, sai a ɗauka an iya. Gane abu yana gabanka daban, fito da shi daga ka a kan farar takarda daban, kuma na biyun jarrabawa ke nema. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a 2006. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan suka yi ta rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Bayan minti biyar masu maimaitawar ne a gaba, kuma su ne suka fi amincewa da kansu. Bayan sati guda sai labari ya sha bamban: masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma da aka fi amfani da su, biyu ne suka samu matsayi mafi girma, gwada kai da rarraba bita. Maimaita karantawa da ja wa layuka launi suna cikin na ƙasa. Karatun dare ɗaya da kika ce yana gudu, zuba ruwa ne a kwando.

A aikace ga yadda yake. Ranar da aka yi lacca, ko washegari in ya gagara, ɗauki minti 15, rufe littafin, ki rubuta duk abin da kika tuna a farar takarda. Buɗe ki duba abin da kika bari, ki sa masa alama. Bayan kwana uku ki sake, bayan sati guda ki sake, wannan karon da tambayoyi: na ƙarshen babi, na jarrabawar shekarun baya in makarantarku tana bayarwa, ko waɗanda kika ƙirƙira da kanki. Giɓin nan na tsakanin laccoci ya ishe shi. Ba shi da daɗi, don kullum yana nuna miki abin da ba ki iya ba, amma gara ki gani a sati na huɗu da ki gani a ɗakin jarrabawa.

Barcin da na sa awa 56 a lissafi kuma ba rara ba ce da za a riƙa yanka. Likitocin barci suna cewa baligi ya samu aƙalla awa bakwai, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an ɗaura wa ɗaliban wani ajin kimiyyar sinadarai a jami'ar MIT da ke Amurka agogon Fitbit, wanda ke auna barci, tsawon zango. Masu barci isasshe kuma a kan lokaci ɗaya sun fi maki. Abin lura, barcin daren jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba, na sati da watan da suka gabace ta ne suka nuna.

Idan lissafin ya ƙi fita

Duk abin da na faɗa daga wasiƙarki na gina shi, ban zauna da ke ba, kuma akwai inda tsari ba ya kaiwa. Mai yiwuwa ki auna satinki ki ga ba 40 kike da su ba, 25 ne, saboda nisan hanya ko hidimar gida. In haka ne babu dabarar da za ta haifo sauran awannin, sai an sauke wani abu: a rage awannin aiki a satuttukan gwaji, a ajiye wata ƙungiya ko hidima zuwa wani zangon, ko a rage kwas in dokar makaranta ta ba da dama. Wannan na ƙarshen yana da ranar rufewa, kuma yana iya taɓa tallafin karatu ko shekarar gamawa, don haka a zauna da mai ba ɗalibai shawara na sashenku kafin a yanke. Haka in kin hango ba za ki iya miƙa wani aiki a kan lokaci ba, je wurin malamin da saura kwana huɗu ko biyar, riƙe da abin da kika fara. A matsayina na malami ina gaya miki, wadda ta zo da wuri da rabin aiki a hannu ana sauraronta. Wadda ta zo bayan an karɓa da dogon labari, ko gaskiya take faɗa, ta riga ta sa kanta a layin masu uzuri.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin littafi da kalanda. Idan kin yi sati biyu ko fiye ba kya jin daɗin komai, barci ya ƙi ko ya yi yawa, ko gabanki yana faɗuwa duk lokacin da kika tuna karatu har ki kasa taɓa shi, ko kuma tun kina ƙarama kike fama da rashin iya tsayar da hankali da yawan ɓatar da kaya da mantuwa, to wannan aikin likita ne ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na makarantarku. Baƙin ciki mai tsanani, fargaba, larurar rashin tattara hankali da ake kira ADHD, har ƙarancin jini ma, duk suna iya zuwa da kamannin lalaci, kuma ana maganinsu. In kin ga alamar ɗaya daga ciki, fara da can kafin ki sayi littafin. Allah Ya ba da sa'a.